Fatawa: Hukuncin sa hannu a takardar kiranyen gwamna saboda sakin fursunoni kafin wa'adinsu ya cika

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin jihar Kalifoniya ta Amurka, na zama ɗan ƙasa kuma ina kaɗa ƙuri'a. A 'yan shekarun nan an yi ta sakin fursunoni kafin wa'adinsu ya cika, har ma an taɓa fasa mini shago, daga baya aka ce wanda ya yi ɓarnar bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba. Yanzu wasu maƙwabtana suna yawo da takarda suna neman mu sa hannu domin a yi wa gwamna kiranye. A masallacinmu wani ɗan'uwa ya ce wannan tawaye ne ga shugaba, haramun ne, wani kuma ya ce wajibi ne saboda kare rayuka da dukiyoyi. Mene ne hukuncin sakin ɗaurarru kafin lokaci, kuma ya halatta in sa hannu?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. 'Yan'uwan nan biyu kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma duka sun yi gaggawar yanke hukunci, domin mas'alar tana buƙatar a rarrabe ta kafin a ce halal ko haram.

Mu fara da sakin ɗaurarre. Uƙubobi a shari'a ba matsayinsu ɗaya ba. Haddi haƙƙin Allah ne, idan ya isa gaban mai mulki kuma ya tabbata, babu mai ikon yafe shi. Shi ya sa Annabi (SAW) ya yi fushi da Usama bin Zaid lokacin da ya nemi ceton matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, kuma ya ce wa Safwan bin Umayya, wanda ya so yafe wa ɓarawon mayafinsa bayan an kai ƙara, me ya sa bai yafe ba tun kafin ya kawo shi. Ƙisasi kuwa haƙƙin magadan wanda aka kashe ne, kamar yadda aya ta 178 ta Suratul Baƙara da aya ta 33 ta Suratul Isra'i suka nuna, su ke da zaɓin yafewa, ba gwamna ba. A mazhabar Malikiyya ma ko sun yafe, ana yi wa mai kisan ganganci bulala ɗari a ɗaure shi shekara guda saboda haƙƙin jama'a, kisan gilla da aka yi ta hanyar yaudara kuwa babu afuwa a cikinsa sam. Abin da ya rage shi ne ta'aziri, wato horon da shari'a ta bar wa mai mulki ya ƙaddara, kuma kusan duk ɗaurin gidan yari a wannan babi yake. A nan shugaba yana da ikon tsawaitawa ko ragewa. Annabi (SAW) ya saki Sumama bin Usal bayan kwana uku yana ɗaure a ginshiƙin masallaci, Sayyidina Umar ya saki mawaƙi Huɗai'a bayan ya ɗauki alkawarin daina zagin mutane. Saboda haka wanda ya ce sakin fursuna kafin wa'adi munkari ne a karan kansa, ya faɗi abin da babu dalili a kansa.

Sai dai wannan iko ba sakaka yake ba. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'idar cewa tasarrufin shugaba a kan talakawansa ɗaure yake da maslaha, Imam Shafi'i ya kwatanta matsayinsa da na mai riƙon maraya a kan dukiyar marayan. Wanda aka sani da yi wa mutane ɓarna, wanda babu alamar tuba tare da shi, ba a buɗe masa ƙofa don a rage kuɗin ciyarwa ko a faranta wa wasu rai. Imam Malik ya fassara korar ɗan fashi daga ƙasa da ta zo a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida da cewa a kai shi wani gari a tsare shi har tubarsa ta bayyana. Ma'aunin ke nan: bayyanar tuba da amincin jama'a daga sharrinsa. Haka nan haƙƙin wanda aka zalunta, kamar kayan shagonka, ba ya faɗuwa don an saki mai laifi, bashi ne a wuyansa har ya biya ko ka yafe.

A ɗaya ɓangaren kuma, ɗaurarre yana da haƙƙi, kuma mutane kan manta da wannan idan ransu ya ɓaci. An jefa wata mata wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu, ina ga ɗan Adam? Alƙali Abu Yusuf ya rubuta wa Haruna Rashid cewa a ciyar da ɗaurarru daga baitulmali, a tufatar da su rani da hunturu, a riƙa duba shari'o'insu kada a bar mutum ya ruɓe a kurkuku. Hukumar da ta yanke wa mutum shekara biyar ba ta yanke masa hukuncin mutuwa ta hanyar cuta da rashin magani ba.

Wannan ya kawo mu ga jiharku, domin fatawa ba ta inganta sai an san waƙi'a. A watan Mayu na 2011 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta tabbatar da umarnin cewa Kalifoniya ta rage cunkoson gidajen yarinta zuwa kashi 137.5 cikin 100 na adadin da aka gina su dominsa, bayan da gidajen da aka yi wa mutum kusan 80,000 suka ɗauki kusan ninki biyu na hakan, har rashin kula da lafiya ya riƙa kashe ɗaurarru. A 2014 masu zaɓe da kansu suka amince da ƙuduri mai lamba 47 wanda ya mayar da satar abin da bai wuce dala 950 ba ƙaramin laifi, a 2016 kuma suka amince da ƙuduri mai lamba 57 wanda ya faɗaɗa ragin wa'adi saboda kyawun hali. A 2020 annobar korona ta shiga gidan yarin San Quentin ta kashe ɗaurarru 28, hukumar gidajen yari ta sanar da shirin sakin har mutum 8,000. A watan Mayu na 2021 hukumar ta ƙara ragin wa'adi ga ɗaurarru kusan 76,000, inda masu laifin da ya haɗa da ta'addi ga jiki suka koma samun ragin kashi ɗaya cikin uku maimakon ɗaya cikin biyar. Ka ga ke nan hannuwa da yawa ne a cikin lamarin: akwai abin da kotu ta tilasta, akwai abin da jama'a suka zaɓa da ƙuri'arsu, akwai kuma abin da hukumar da ke ƙarƙashin gwamna ta tsara. Na ƙarshen nan shi ne ake tuhumar gwamna da shi kai-tsaye. Allah ya ce wata rai ba ta ɗaukar nauyin laifin wata, ya kuma ce a aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, ayar ba ta ware wanda ba Musulmi ba.

Ba ina nufin damuwarku ba ta da tushe ba ne. A harbin da aka yi a tsakiyar birnin Sakramento ranar 3 ga Afrilu, 2022, wanda ya kashe mutum 6, ɗaya daga cikin waɗanda aka tuhuma ya fito ne daga ɗaurin shekara 10 tun wa'adinsa bai cika ba. A ganina, yi wa mai tarihin cutar da mutane ragin wa'adi ta hanyar lissafin kwanaki kawai, ba tare da an zauna an duba halinsa shi kaɗai ba, ya saɓa wa ma'aunin bayyanar tuba da muka ambata, kuma abin a yi inkarinsa ne.

Yanzu sai maganar kiranye. Hadisan da ɗan'uwanku na farko ya dogara da su, irin su hadisin Ubada bin Samit na kada a yi jayayya da masu mulki sai an ga kafirci bayyananne, suna magana ne a kan warware mubaya'a da zare makami, abin da ke kai wa ga zubar da jini. Kiranye wani abu ne dabam. Sharaɗi ne da ke cikin kundin tsarin mulkin jihar tun 1911, gwamna ya nemi kujera yana sane da shi, ya yi rantsuwa a kansa, don haka wanda ya yi aiki da shi bai karya alkawari ba, alkawarin ne ma ya ba shi dama. Kuma cire gwamna saboda koken mutanensa yana da asali a aikin Sahabbai: mutanen Kufa sun kai ƙarar gwamnansu Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Sayyidina Umar ya aika a binciki lamarin masallaci-masallaci, ya kuma sauke shi don a zauna lafiya, tare da bayyana daga baya cewa bai cire shi saboda gazawa ko ha'inci ba. Shiga zaɓe ga Musulmin da ke zaune a ƙasashen da ba na Musulmi ba kuwa, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Musulmin duniya (Rabiɗa) ta halatta shi a zamanta na Makka a 2007 idan maslaharsa ta rinjayi ɓarnarsa, kiranye kuma reshe ne na zaɓe.

Amma a cikin ƙissar Sa'ad akwai abin tsoro ga mai sa hannu. Mutum ɗaya ne ya miƙe a wani masallaci ya ce Sa'ad ba ya raba daidai, ba ya adalci a hukunci. Sa'ad ya roƙi Allah idan ƙarya yake yi ya tsawaita rayuwarsa da talaucinsa ya jefa shi cikin fitina, kuma an ga tsohon nan a ƙarshen rayuwarsa yana cewa addu'ar Sa'ad ce ta kama shi. Sa hannu shaida ce. Dokar Kalifoniya ba ta bai wa kotu damar duba ko dalilin kiranye ya isa ba, duk dalilin da masu takarda suka rubuta an karɓa, amma kai Allah zai tambaye ka dalilinka. Saboda haka wajibi ne ka karanta abin da aka rubuta a saman takardar. Idan akwai zargin da ka san ƙarya ne, sa hannunka shaidar zur ce, idan kuwa ba ka san gaskiyarsa ba, aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce ka da bincike tukuna. Har maganar wanda ya fasa shagonka, "an ce" ba ta zama hujja sai ka tabbatar ta wace hanya ya fito, domin mai yiwuwa daga kurkukun ƙaramar hukuma ne ko kuwa beli aka ba shi, waɗannan kuwa ba gwamna ne ke yanke su ba.

Sai kuma duban abin da zai biyo baya, kuma a nan ne ɗan'uwanku na biyu ya yi kuskure da ya ce wajibi ne kai-tsaye. Ibnul Ƙayyim ya bayyana cewa gusar da munkari idan zai haifar da wanda ya fi shi muni haramun ne. Tsarin jiharku yana sa tambaya biyu a takardar ƙuri'a, ta farko a cire gwamna ko a bar shi, ta biyu wa zai gaje shi, kuma magajin ba ya buƙatar rabin ƙuri'u, wanda ya fi sauran kawai shi ne gwamna. A 2003 da aka cire Gwamna Gray Davis 'yan takara 135 ne suka fito, Arnold Schwarzenegger ya yi nasara. A watan Satumba na 2021 kuwa kusan kashi 62 cikin 100 suka ƙi amincewa da cire Gwamna Gavin Newsom, bayan an tattara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi an kuma kashe kimanin dala miliyan 200 na jama'a. Musulmi ba zai rufe ido ya ce a cire wannan ko wa zai zo ba, dole ya duba matsayin mai jiran gado a kan tsaron unguwanni, da 'yancin addini, da haƙƙin baƙi da raunana. Ya kuma duba ko akwai hanyar da ta fi sauƙi ta kai ga buƙata, kamar yadda masu zaɓe suka yi a Nuwamba 2024 da suka amince da ƙuduri mai lamba 36, suka tsaurara hukuncin mai maimaita sata ba tare da an taɓa kujerar kowa ba. Kai kanka, a matsayin wanda aka zalunta, dokar haƙƙin waɗanda aka cuta ta 2008 ta ba ka damar neman diyyar asararka, da neman a sanar da kai kafin a saki mai laifin.

Ga masu karatu a Najeriya, kada a cakuɗa: kundin tsarin mulki na 1999 ya tanadi kiranye ne ga 'yan majalisa kawai a sashe na 69 da na 110, gwamna kuwa majalisar jiha ce ke tsige shi a ƙarƙashin sashe na 188, ikonsa na afuwa kuma yana sashe na 212. Ƙa'idar maslaha da haƙƙin magadan jini dai tana nan a kan kowane gwamna.

Hukuncin da ya shafe ka shi ne, sa hannu a takardar kiranye halal ne a asalinsa, ba tawaye ba ne, kuma wanda ya ƙi sa hannu bai yi zunubi ba. Yana zama abin so idan ka tabbatar da cewa gwamna ko hukumar da ke ƙarƙashinsa suna ci gaba da sakin masu haɗari ba tare da tantancewa ba, an yi magana sun ƙi gyara, kuma zatonka mafi rinjaye shi ne wanda zai gaje shi ya fi shi ko bai kai shi ɓarna ba. Yana zama haramun idan takardar ta ƙunshi ƙaryar da ka sani, ko an biya ka don ka sa hannu, ko ka yi don huce haushin asararka alhali ka san laifin ba nasa ba ne. Tunda mas'ala ce ta ijtihadi, bai halatta 'yan masallacinku su fasiƙantar da juna a kanta ba, ko a mayar da mumbari wurin tattara sa hannu. Allah ne mafi sani.