Amsa: Idan sankarar jini ta dawo wa yaro bayan magani

'Yar uwa, Allah ya ba ɗanki lafiya. Kin tambaya ko yaron da sankarar jini ta dawo masa yana iya warkewa a inda kayan aikin asibiti suka yi ƙaranci. Yana iya, amma damar ta fi ta karon farko raguwa sosai.

Abin da likitoci suka fi dubawa shi ne lokacin da ta dawo. Idan cikin wata 18 na farko bayan gano ta ne, lamarin ya fi tsanani, kuma galibi sai an haɗa da dashen ɓargo. Idan kuwa sai da aka wuce wata 6 da kammala magani, sau da yawa maganin kemo (maganin da ke kashe ƙwayoyin sankara) kaɗai yakan sake kwantar da ita. Wurin da ta ɓullo ma yana da tasiri: dawowa a ɓargo ta fi haɗari a kan wadda ta tsaya a ruwan ƙwaƙwalwa ko 'ya'yan maraina.

A nau'in ALL, wato sankarar jinin da ta fi yawa a yara, ko a ƙasashe masu arziki kusan rabin yaran da ta dawo musu ne ke tsira. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi adadin bai kai nan ba, kuma ba cutar kaɗai ke kisa ba. Kemo na zagaye na biyu yana karya garkuwar jiki, zazzaɓi ya shigo, jini da ƙwayoyin daskarar da shi su yi wuyar samu, kuɗi su ƙare a bar magani rabi.

Don haka ki tambayi likitansa kai tsaye: wane nau'i ne, a ina ta dawo, kuma warkarwa ake nema ko sauƙaƙa masa ciwo? Zazzaɓi kuwa, ko da tsakar dare ne, a garzaya asibiti.