Amsa Kan Kunna Na'urar Ozon a Ɗakin Renon Yara

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na ƙi buƙatar mai makarantar nan, wadda ta ce mu bar na'urar ozon tana aiki kaɗan-kaɗan a ɗakin reno alhali yara suna ciki. Na ji daɗin tambayar, domin a nan ne masu sana'armu ta kashe ƙwayoyin cuta a ɗakuna da yawansu suke tuntuɓe.

Ozon iskar oksijin ce mai ƙwayar zarra uku maimakon biyu, kuma ta ukun nan da take saurin ɓallewa ita ce take ƙone ƙwayoyin cuta, sai dai ba ta san bambancin ƙwayar cuta da huhun jariri ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade wa babban mutum kashi 0.1 cikin miliyan a tsawon awa 8, hukumar kare muhalli ta ƙasar kuwa ta bayyana cewa adadin da ba ya cutar da mutum bai isa ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ake buƙata ba. Ka ga ke nan ɗakin ba zai tsabtatu ba, sai dai yaran su kwashi tari da ƙaiƙayin maƙogwaro, balle mai asma. Yaro kuma ya fi babba shaƙar iska idan aka duba ƙanƙantar jikinsa.

Shi ya sa muke aikin ranar Juma'a bayan an tashi. Da sabulu da ruwa ake farawa, domin ozon ba ta ratsa majinar da ta bushe a jikin abin wasa, ko madarar da ta shige cikin katifa. Ka fitar da kayan roba, musamman kan bulumboti, saboda tana tsattsaga su, kuma kada a goge ƙasa da ruwan wanki mai ƙamshin lemo kafin mu kunna, domin haɗuwarsu tana haifar da wata iskar mai cutarwa. A lokacin hunturu ƙarfin aikinta yana raguwa, domin ta fi kashe ƙwayoyin cuta idan iska tana da laima.

Idan ka kunna, ka kulle ƙofa, ka sa makullin a aljihunka, ka sanar da maigadi. Na taɓa ganin wata mai shara ta shiga ɗauko bokiti, ta fito idanu jajur tana dafe ƙirji, kuma laifina ne da na bar makulli a jikin ƙofa. Har yau abin yana damuna.

Bayan na'urar ta tsaya, ka jira, sannan ka buɗe tagogi ka kunna fanka. Kada ka dogara da hancinka, domin yakan saba da warin nan da nan. Ka ajiye ma'aunin ozon a kan katifar da jarirai suke kwanciya, kuma ba za mu miƙa makulli ba sai ya sauka ƙasa da kashi 0.05 cikin miliyan. Wannan Juma'ar kai za ka yi awon da hannunka, ina tsaye a bayanka.