In Ji Wa? Amsoshin Tambayoyinku Kan Ɗauko Maganar Wani

Tambayoyin wannan makon kamar an haɗa baki, duk a kan abu guda suka faɗo: yadda ake ɗauko maganar wani a ajiye ta inda jama'a za su gani. Bari mu fara da wadda ta fi tsawo.

Daga Funtuwa: "Malam, ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta makarantarmu. Duk shekara muna buga kalanda, a ƙarƙashin kowane wata mu sa wata magana mai ma'ana da ɗaya daga cikinmu ya faɗa, tare da sunansa. Bana ni aka ɗora wa zaɓen. In rubuta 'in ji wane', ko 'a cewar wane', ko 'wai'? Ko duk ɗaya ne? Kuma in maganar ta yi tsawo, ya halatta in datse ta?"

Malam Sakatare, ba ɗaya ba ne, kuma bambancin ba na ado ba ne. Kowace daga cikin kalmomin nan uku tana gaya wa mai karatu iyakar inda kai ka tsaya wa maganar.

In ka ce "in ji wane", ka ɗauki nauyi. Ka ce wa jama'a haka ta fito daga bakinsa, kai ganau ne ko kuma wanda ya gaya maka amintacce ne. Shi ya sa in gardama ta tashi a majalisa, makami na farko da ake zarowa shi ne "In ji wa?" Mai tambayar ba bayani yake nema ba, suna yake so a kama masa, don ya san wanda zai tara. Ka kuma lura da rubutun: kalmomi biyu ne, a rabe. In ka haɗe su ka rubuta "inji Alhaji Sule", to ka mai da bawan Allah na'urar niƙa.

"A cewar wane" ta ɗan ja da baya. Ita ce 'yan jarida suka fi so, don tana nufin ga abin da ya faɗa, amma ni ban ce haka ne ba, ban kuma ce ba haka ba ne. A labarin rediyo wannan daidai ne. A kalandar da kuka buga don girmama mutum kuwa, sanyi gare ta, kamar kuna taka-tsantsan da shi. "A ta bakin wane" ta fi ta ɗumi, don mai faɗinta ya nuna ya yi na'am da maganar har ya ara.

Ita kuwa "wai", kada ta kusanci kalandarku. Aikinta da yawa a Hausa. Tana sassauta tambaya, kamar "Wai ina ka shiga ne kwana biyu?" Tana gabatar da suna, kamar "wani mutum wai shi Tanko". Amma da zarar ta tsaya a gaban maganar wani, to ta zama wanke hannu, har da ɗan taɓe baki a ciki. Gwada waɗannan biyun a kunnenka: "Ya ce zai biya kuɗin gobe", da "Wai zai biya kuɗin gobe". Ta biyun, duk wanda ya ji ya san kuɗin nan sai dai a yi haƙuri.

Batun datsewa shi ne inda na fi so in tsaya. Bahaushe gwanin faɗin rabin magana ne. Dattijo zai ce "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta..." ya yi shiru, kowa ya ƙarasa a ransa cewa sai ka shafa wa naka ruwa. Wannan ya yiwu ne don ragowar tana cikin kan kowa. Maganar mutum ɗaya ba haka take ba. Abin da ka yanke ya tafi ke nan, babu mai ƙarasa shi, kuma sunansa na nan a ƙarƙashin guntun da ka bari.

Ɗauki misali. A taronku wani ya miƙe ya ce: "Ni ban yarda da tara kuɗin ƙungiya a hannun mutum ɗaya ba, a zuba a banki kowa ya ga rasit." Wurin da ke ƙarƙashin hoton watan Maris ƙarami ne, sai ka rage ta zuwa "Ban yarda da tara kuɗin ƙungiya ba." Kowace kalma tasa ce, ba ka ƙara ko wasali ba, amma ka yi masa ƙarya. Mutumin da ya tashi kare dukiyar ƙungiya ka rataye shi a bangon gidaje shekara guda a matsayin mai hana ruwa gudu. Malamai sun daɗe suna jan kunne da irin wannan. Suna kawo aya ta 43 a Suratun Nisa'i, inda wanda ya karanta "kada ku kusanci salla" ya tsaya, bai kai ga "alhali kuna cikin maye" ba, ya juya hukunci gaba ɗaya.

Kuma ba yau aka fara wannan muhawara ba. A Basra, Muhammadu ɗan Sirina ya kasance mai tsayawa kan a kawo ruwayar hadisi da lafazinta, Hasanul Basari kuma yana ganin ba laifi a kawo ta da ma'ana in ma'anar ba ta sauya ba. Dukansu sun rasu a shekara ta 110 bayan Hijira. Waɗanda suka yarda da ruwaya da ma'ana sun gindaya sharaɗi: sai mai ruwayar ya san harshen sosai, ya san abin da ke karkatar da ma'ana. Na san kalandar tsofaffin ɗalibai ba littafin hadisi ba ce, amma ladabin ɗaya ne. Malamanmu na Sakkwato ma, in suka ciro maganar wani malami a littattafansu na Larabci, sukan rufe ta da "intaha", wato maganarsa ta ƙare a nan, abin da ya biyo nawa ne. A rubutun boko alamar zancen wani ce ke wannan aiki. Duk abin da ka sa tsakanin waɗannan 'yan ƙugiyoyi, ka yi rantsuwa ne a kansa.

Saboda haka ka datse in wuri ya matse, amma ka koma wurin mai maganar ka karanta masa guntun. In ya ce "haka nake nufi", buga. In ya yi jim, ka nemi wata.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce suna tattara maganganun iyaye mata na unguwarsu a ɗan littafi, sai wata abokiyar aikinta ta dage a mai da su duka daidaitacciyar Hausa. Tana tambaya ko wannan gyara ne.

Malama, a raba abu biyu. Akwai ƙa'idar rubutu, akwai karin harshe. Ƙa'idar rubutu hakkinki ce: ki sa wa ɗ da ƙ da ɓ lanƙwasarsu, kada "baƙi" su koma "baki", ki raba kalmomi inda ya dace. Wannan shi ne abin da aka zauna a kansa a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, don rubutun Nijar da na Najeriya su kusanci juna. Amma babu taron da ya ce tsohuwar Gobir ta koma magana kamar 'yar cikin birnin Kano. In Inna ta ce "Wanga aiki namu na, mu munka hwara shi", kika mayar da shi "Wannan aiki namu ne, mu muka fara shi", ma'ana ta tsira, Inna ce ta ɓace. Jikokinta za su karanta su ce wannan ba muryar kakarmu ba ce. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bayanin da ke naki, na gabatarwa da sharhi, ki yi shi da daidaitacciyar Hausa. Maganarsu kuwa a bar kaza cikin gashinta.

Daga Kumasi wani ɗan'uwa ya ce a mujallar ƙungiyarsu an buga "Haƙuri maganin zaman duniya" aka sa sunan shugabansu a ƙasa. Yana tambaya: wa ke da karin magana?

Babu mai ita, shi ya sa take ta kowa. Harshen da kansa ya tanadi yadda ake jingina ta: "Hausawa suka ce", "Bahaushe ya ce", "masu iya magana kan ce". Ko Turawan da suka tattara karin maganar Hausa suka buga, irin su Kyaftin Merrick a 1905 da Whitting a 1940 da Kirk-Greene a 1966, jera su suka yi a matsayin dukiyar al'umma, ba su mallaka wa wani mutum ba. Shugabanku ya faɗe ta, amma ya tarar da ita. In ana son sunansa ya fito, sai a rubuta "karin maganar da shugaba ya fi yawan kawowa". Wannan gaskiya ce, kuma ta fi gaya mana halinsa.

Sai dai ga wani abin sha'awa. Akwai jinsin karin magana da ke zuwa da "in ji" a jikinsa, kuma wanda ake jingina wa maganar bai taɓa faɗinta ba. "Ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya." Babu wanda ya taɓa tsare ɓarawon nan ya ji ta bakinsa. Wasan yana cikin harshen damo: "sa a ka" na nufin damuwa da abu, tana kuma nufin ɗora hula a kai. Haka "Zancen kake so, an ce da gwauro ya iyali", da "Mu gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu". A nan kowa ya san ƙage ne, an ƙirƙiro mai magana ne don a yi dariya a kuma isar da saƙo. Ɓarawon tagiya ba zai kai ƙara ba. Mutum mai rai da suna da iyali kuwa, in ka ƙaga masa magana, ko da mai daɗi ce, ka ci amanarsa. Malamin hadisi Abdullahi ɗan Mubarak ya ce ba don isnadi ba, wato jerin sunayen waɗanda aka ji magana daga bakinsu, da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Wata baiwar Allah daga Zariya, mai kula da allon sanarwa na ƙungiyar mata 'yan adashi, ta ce kowane mako ana liƙa "maganar mako" daga bakin wata 'yar ƙungiya. Wata ta kawo "Hassada ga mai rabo taki ce", aka liƙa, sai rigima ta ɓarke. Ta ce: "Malam, ai karin magana ce kawai, ina laifina?"

Hajiya, ba a cewa karin magana "kawai". A cikin littafi tana kwance ne kamar wuƙa a kube. Ranar da aka faɗe ta, da wurin, da wadda ke zaune a gefe, su ke zare ta. Ina kyautata zaton in kika bincika za ki tarar makon nan an yi saɓani kan wadda za ta kwashi adashi, ko an yi zaɓe wata ta faɗi. To abin da aka ba ki ki liƙa habaici ne, aka ari hannunki aka yi jifa.

Ga yadda muke bambanta habaici da zambo da gugar zana. Zambo yakan fito fili, ya siffanta mutum yadda ba mai shakkar wanda ake nufi, kuma makaɗa da maroƙa ne gwanayensa. Habaici ba ya kama suna, ya dogara ne da cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gugar zana kuwa a gaban mutum ake yi, a goge shi a wuce kamar ba da gangan ba. Mafi wuyar kamawa shi ne habaici, don in aka tuhumi mai shi sai ta ce "ni na ambaci wani?" Ke kuma in kika ce rataya aka ba ki, ba ke kika kashe zomon ba, sai a tuna miki cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Abin da zan ba ki shawara: duk maganar da ke da "maƙiyi" ko "mahassadi" ko "'yan baƙin ciki" a cikinta, ki tambayi mai kawowa, cikin raha, da wa take. In ta yi dariya ta kau da kai, ki ajiye maganar sai bayan wata biyu. In hikima ce za ta jira. In jifa ce, mai ita ma za ta manta da ita. Kuma kada zaɓen ya zama na manyan Hajiyoyi kaɗai. In mako goma a jere sunayen masu zubi mai tsoka ne ke hawa allo, sauran za su daina karantawa.

Wani ɗalibi daga Katsina ya tambayi kalmar da ta dace da guntun maganar da aka ciro daga doguwa, da kuma aikin mai zaɓen.

Guntun shi ne "tsakure", daga "tsakura", wato ɗibar kaɗan daga abu mai yawa. Ka saba ganinta a takardar jarrabawar adabi: "karanta wannan tsakure". Aikin kuwa ya danganta da abin da mutum ke yi. In yana fifita wata a kan wata ne, zaɓe yake. In yana hana marar kyau wucewa ne, tacewa yake, kamar yadda ake tace gasara dusa ta tsaya a rariya, kuma daga nan sunan Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ya samo asali. In kuwa ya ɗebo ne ba tare da ya karanta ba, sunan wannan zaɓen tumun dare.

Ɗalibin ya ƙara da tambayar ko "ƙarin magana" ake rubutawa. A'a, da k marar lanƙwasa ce. "Ƙari" daɗi ne a kan abu, kamar ƙarin albashi. "Kari" kuwa dangin "karya" ne, irin na karin hula da karin guga da karin kumallo, wato magana ce doguwa aka naɗe ta ta zama gajera. In ka rubuta "ƙarin magana" ka ce a ci gaba da surutu ke nan, kuma malamin da ke duba takardarka zai ja maka jan layi.