Allurar rage ƙiba da garin maganin da ake cewa na bincike ne: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ana tallar wani farin gari a 'yar kwalba a Facebook, sunansa retatrutide. An rubuta na ɗakin bincike ne kawai, amma mai sayarwa ya ce yana zubar da teɓa. In saya? Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka. Idan abinci ya sauka hanji, hanjin kan saki wasu sinadarai 'yan aike, manyansu GLP-1 da GIP. Su ke sa jiki ya fitar da insulin, kuma GLP-1 yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, ya shaida wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Sai dai na jikinmu ba ya daɗewa, cikin kamar minti 2 wani sinadari mai suna DPP-4 ya datse rabinsa. Aikin masu bincike shi ne ƙera makamancinsa mai jurewa. A 1992 Dakta John Eng ya gano irinsa a dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka, daga nan aka samu maganin suga exenatide a 2005. A cikin irin waɗannan magunguna, semaglutide mabuɗi ne na ƙofa ɗaya, GLP-1. Tirzepatide na biyu ne, da GIP. Retatrutide, wanda kamfanin Eli Lilly ke gwaji a kansa, ya ƙara ta uku, ta glucagon, wani ɗan aiken da ke daidaita suga a jini.

Abin da ake tallatawa ba daga kamfanin ya fito ba, ba shi da rajistar NAFDAC. Rubutun nan na "bincike kawai" mafaka ce ta mai sayarwa, in abu ya ɓaci ya ce ai ya faɗa. Babu mai tabbatar maka miligiram nawa ke ciki, ko babu ƙwayoyin cuta. Ga kuma kuskuren awo: mutum ya dama garin da ruwa, ya rikita layukan sirinjin insulin da miligiram, ya ɗura wa kansa ninki goma. Maganin da ke shafe mako a jini ba a janyo shi, sai amai da bushewar jiki har ƙoda ta taɓu.

Tambaya: Ina da ciwon suga, an ɗora ni a kan Ozempic. Tashin zuciya ya dame ni, ga rashin wuta. Daga wata Hajiya a Birnin Kebbi.

Amsa: Sannu Hajiya. Ozempic semaglutide ne, ana farawa da miligiram 0.25 sau ɗaya a mako har mako 4, sannan 0.5. Masu tsallake matakin farko su suka fi shan wahala. Ki rage malmalar tuwo, ki ci kaɗan-kaɗan, ki ɗan jingine soyayyen kifi da masa mai maiƙo, kada ki kwanta da zarar kin gama ci. In kina shan ƙwayar suga glibenclamide ko kina allurar insulin, likitanki ya duba ko za a rage su, don suga na iya faɗuwa. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa har baya kuwa ba na haƙuri ba ne, asibiti za ki nufa a ranar.

Alƙalamin allurar da ba a buɗe ba yana son firji, digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace. Wanda aka fara amfani da shi yana kai kwana 56 muddin zafi bai wuce digiri 30 ba, abin da ɗakunanmu ke zarcewa a watan Afrilu. Ki sa shi a leda mai zif, ki ajiye a tukunyar ƙasa da ke cikin wata babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ba firji ba ce, amma ta fi kan durowa. In ruwan maganin ya yi gajimare, ki yar.

Tambaya: Ina allurar Mounjaro, ina kuma son haihuwa baɗi. Daga wata amarya a Argungu.

Amsa: Allah ya kawo masu albarka. Ba a yin wannan allura da juna biyu, don haka ki tsara ranar dainawa da likitanki kafin ki fara nema. Yanzu kuma ki sani tirzepatide, wato Mounjaro, na iya rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa na sha, mako 4 bayan farawa da mako 4 bayan kowane ƙarin awo. A waɗannan makonni ki haɗa da wata hanyar.