Tambayoyin Masu Karatu: Ina zan ajiye fayilolin shafina a sabar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kama hayar sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet) mai tsarin Ubuntu da manhajar Apache mai nuna shafuka don in ɗora shafuka biyu, na kawuna mai sayar da takalman fata da na Islamiyyar unguwarmu. Na zuba fayilolin a cikin /home, amma da na buɗe sai in ga 403, wato saƙon an hana shiga. Wani abokina ya ce in buga chmod 777 in huta. Ina ya dace in ajiye su? Daga Nasiru, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena Nasiru. Don Allah ka ajiye maganar 777 ɗin nan gefe. Ma'anarta kowa a kan injin zai iya karantawa da rubutawa, kuma duk wanda ya samu ɓaraka a shafi ɗaya ya samu na biyu a ɓagas.

Dalilin 403 biyu ne. Apache yana aiki ne da sunan wani asusu na kansa, www-data, kuma tun daga Ubuntu 21.04 ake kulle jakar /home ta kowane mutum ga wasu. Sannan fayil ɗin apache2.conf da ke zuwa da Ubuntu ya hana shiga ko'ina sai /var/www da /usr/share.

Ni a /var/www nake ajiye nawa, kuma nan nake so ka koma. Kada dai ka cusa duka biyun cikin /var/www/html. Buɗe wa kowanne jakarsa, /var/www/fata da /var/www/islamiyya, a cikin kowacce ka yi ƙaramar jaka mai suna public, ita kaɗai za ka nuna wa Apache a layin DocumentRoot, layin da ke faɗa masa jakar da zai nuna wa masu ziyara.

Wannan jakar ita ce ta fi damuna. Dubi shagon kawunka: takalma a gaba inda mai saye zai gani, littafin bashi da kuɗin ciniki a ƙuryar ciki. Hotuna da index.php su zauna a public. Fayil ɗin .env mai kalmar sirrin rumbun bayanai, da kwafin ajiya irin su backup.sql, su tsaya a waje da ita. Idan suna ciki, duk wanda ya cinko sunan fayil zai sauke shi ta burauza, kuma a na Islamiyya sunayen yara ne da lambobin iyayensu. Amana ce aka ba ka.

Wasu za su ce maka /srv, kuma ba su yi ƙarya ba, ƙa'idar FHS, mai tsara jakunkunan Linux, ta ware shi don irin wannan aiki. Sai dai za ka buɗe masa izini da hannunka a Apache. /usr kuwa na manhajojin tsarin ne, sabuntawa na iya share maka aiki.

Mallakar fayiloli ta kasance da sunanka, izinin jakunkuna 755, na fayiloli 644, wato kai kaɗai ke rubutu, saura karatu kawai. Jakar da kawu zai riƙa loda hotunan sabbin kaya kaɗai za ka ba www-data damar rubutu a cikinta.