Albarushi Yana Maƙalewa a Mazurari: Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Texas, Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake ɗura harsashin bindigarsa. Tawa .204 Ruger ce. Idan na zuba albarushi sai ya tsaya a wuyan mazurari, wani kwanso ya cika, wani bai kai ba. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka dakata da ɗurin nan tukuna. Duk harsashin da ka riga ka rufe a wannan hali, ka zare kansa ka sake auna abin da ke ciki.

Bakin kwanson .204 bai fi milimita 5 da ɗoriya ba. Albarushi mai siffar guntayen tsinke, irin Varget, ƙwayoyinsa kan gitta juna su toshe hanya. Rabi ya zuba, rabi ya rataye, ka ɗora mazurarin kan kwanso na gaba sai ragowar ta faɗo a kan nasa rabon. Wannan na biyun ne mai fasa bindiga. Mai ƙwayoyi zagayayyu, irin H335, ya fi saurin gangarowa, amma kada ka canza sai littafin kamfanin albarushin ya nuna ma'auninsa ga irin harsashinka.

Da giren ake aunawa, giren 7,000 ke yin fam ɗaya, wato giren guda kusan giram 0.065 ne. Kuskuren rabin giren a babban kwanso mai cin giren 50 kashi 1 ne cikin 100. A ƙaramin kwanso irin .22 Hornet ya kai kashi 4 ko 5. Shi ya sa mu ba ma amincewa da na'urar zuba albarushi ita kaɗai a ƙananan kwanso. Saita ta ta zuba ƙasa kaɗan da abin da kake so, ka ƙarasa ƙwaya-ƙwaya a kan sikeli mai gane 0.1 na giren. Sikelin ma ka gwada shi da awon gwajinsa kafin ka fara, ka kashe fanka, don iska tana motsa shi.

Samo mazurarin alminiyam mai baki daidai da kwanson .204. Na roba yana tara lantarki lokacin sanyi da bushewar iska, za ka ga ƙwayoyi manne a jikinsa kamar gero a jiƙaƙƙen hannu. Zuba a hankali ta gefe, ka ɗan ƙwanƙwasa. Kafin ka sa kan harsashi, jera kwanson duka ka haska tocila, ka ga tsayin albarushin ɗaya ne.

Fara daga mafi ƙarancin ma'aunin littafi. Idan sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko hular gindin kwanso, wadda allurar bindiga ke bugawa, ta baje, matsi ya yi yawa, ka tsaya. Gwangwanin albarushi ɗaya kawai a kan tebur, kuma wanda ya fara warin tsami ko fitar da jar ƙura ya lalace.

Ga masu karatu na gida: Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da izini ba. Kuma wannan albarushin marar hayaƙi ba ya shiga bindigar toka ko kaɗan, bututunta zai tarwatse a hannun maharbi.