Amsa: me ya sa 100 ke zuwa kafin 9 a jerina na Python?

Malam, ba kwamfutarka ce ta samu matsala ba. Ka ce jerin kwastomominka kamar haka yake, [["Samaru","9"],["Sabon Gari","100"],["Tudun Wada","25"]], kuma in ka jera shi bisa lambobin sai 100 ta hau sama, 9 ta koma ƙasa. To duba da kyau, lambobin nan suna cikin alamar zance, wato a wajen Python rubutu ne ba lamba ba, shi kuma rubutu harafi-harafi take gwada shi daga hagu, tana ganin 1 bai kai 2 ba, 2 bai kai 9 ba, shikenan ta yanke hukunci, ko sifirin da ke baya ba ta dubawa.

Yi haka:

sorted(jeri, key=lambda x: int(x[1]))

x[1] ɗin shi ne abu na biyu tunda daga 0 ake fara ƙirga, int kuma shi ke mayar da shi lamba. In babba kake so a sama ƙara reverse=True.

Amma fa in daga fayil ɗin CSV, wato fayil ɗin tebur da ake raba bayanansa da waƙafi, ka kwaso bayanan, yi hattara. int("12.5") zai watso maka saƙon kuskure na ValueError, nan float, mai karɓar lamba mai ɗigo, za ka sa maimakon int. "1,500" ma haka, sai ka cire waƙafin da replace(",", "") tukuna, kuma gurbi ɗaya in babu komai ciki ya isa ya tsayar da aikin gaba ɗaya.

Ni dai da ni ne, tun wajen karanto fayil ɗin zan mayar da su lamba in huta. Kuma kar ka rubuta jeri = jeri.sort(), None zai ba ka, wato babu komai.